Zanen da Suka Naɗe Kamar Darduma

"Kwanta, Alhaji! Kwanta na ce!" in ji Badaru, bindiga a hannu.

Alhaji Mailafiya bai kwanta ba. Ya tare gaban wani zane da ke jikin bango. Azahar ɗin Juma'a ce, kuma Zailani, ɗan ƙanwarsa, ya rantse wa Badaru, ogansu na fashi, cewa kowa na masallaci. Ashe zazzaɓi ya riƙe tsohon a gida.

"Ku kwashe sauran," in ji Alhaji. "Wannan marigayiya matata ce ta zaɓa. Ku bar min."

Tsohon zanen fentin mai ne, aikin wani Ba'amurke: manomi da matarsa suna ɓare masara a ƙofar gida. Alhaji ya yi rabin rayuwarsa yana bin gwanjon New York yana tara irinsu.

Badaru ya hankaɗe shi. Tsoho ya cakumi bindigar – tau!

"Kawu!"

Zailani ya manta fuskarsa a rufe take. Alhaji ya ɗago kai daga ƙasa.

"Kai ne, ɗan nan?"

Badaru ya sa wuƙa ya yanke zanen daga katakonsa, ya naɗe shi tamau kamar darduma, fenti a ciki.

"Ku shiga, chale! Police yana zuwa!" Osmanu direba, ɗan zangon Kumasi mai kiran kowa chale, ya fizgi mota. Jiniya a baya – kwana, kwana, suka ɓace!

A cikin ambulan, sufeton 'yan sanda ya sunkuya. "Ka gane wani cikinsu?"

"Ko ɗaya," in ji Alhaji. Bai kai asibiti ba.

A wani gidan haya a unguwar Barking suka warware zanen. Fentin da ya haura shekara ɗari ya tsattsage, yana zuba kamar busasshen lalle. Fuskar matar ta zube a kan kafet.

"Oga, wannan ya mutu," in ji Osmanu.

Badaru ya dubi Zailani. "Kai aka gane, guy, ba mu ba. Osmanu, tashi."

Suka tafi da motar.

Zailani ya durƙusa yana tsince ɓarɓashin, yana jera su a tafin hannu. Sun ƙi haɗuwa.

Aka tura ƙofa. Wani dogon Bature, hannu ɗaya cikin aljihun kwat, ya dubi kafet, ya dubi Zailani.

"Ni na aiko ku," ya ce da Turanci, a hankali. "Wane ne ya naɗe shi?"