Huseina Biyu a Gidan Ya'u

Magariba ta kawo jiki a Kudan, hayaƙin girki ya kwanta a kan katangu, Wasila matar Ya'u ta fito alwala ta tarar da buta biyu a bakin rijiya. Buta ɗaya gare su a gidan. Ta ɗaga wannan, ta ɗaga waccan. Tsagewar gindinsu iri ɗaya, ɗaurin robar iri ɗaya, sai dai ɗaya shuɗiya ce, ɗaya kuwa ja.

Wasila mace ce mai zargi, ko kaza ce ta shigo gidan sai ta nemi wanda ya turo ta. Ta fara ɗora wa maƙwabta laifin butar. Washegari da almuru aka soma jifan kwanon rufi, duwatsun suna faɗowa bibbiyu, kamanninsu ɗaya, ɗaya da sanyi ɗaya da zafi. Sannan akuyarsu ta dawo daga kiwo ta zama biyu, ta biyun ba ta kuka. Ya'u ya ce sharrin masu hassadar gonar rakensa ne. Ita kuwa Wasila idonta ya koma kan kwamfutar 'yarta.

Huseina ce 'yar, ta gama karatu a Zariya ta dawo gida, tana rubuta wa wani kamfani manhaja daga kan tabarma. Tagwaye Wasila ta haifa a haihuwar fari, Hassana ta koma tun ba a yi arba'in ba. Don alkunyar 'yar fari, bakin Wasila bai taɓa furta sunan ko ɗayansu ba, "ke" kawai take cewa.

"Ke, me kike ƙullawa a cikin abin nan?"

Huseina ta yi dariya. "Inna, a aikinmu akwai bayanan da in an kafa su ba a sake taɓa su. In ana son sauya abu guda, sai a kwafi duka, a sauya gudan a jikin sabon, na asali yana nan yadda yake. Na gaji da rubuta hanyar kwafin da hannu, shi ne na haɗa manhajar da ke rubuta ta da kanta."

Wasila ta dubi butocin nan biyu, iri ɗaya sai launi.

Ran Alhamis, ana kiran magariba, Huseina ta yanke jiki ta faɗi. Suka kwantar da ita a ɗaki, numfashi sama-sama. Wasila ta fito ɗebo ruwa, sai ga Huseina a tsakar gida tana tankaɗe. Fuskar ita ce, zanen shi ne, har tabon ƙunar da ke hannu.

Yarinyar ta ɗago kai. "Sannu, Inna. Ni ce Hassana."

Tsoro ya kama Wasila, amma gaskiya ba tsoro kaɗai ba, har da wani daɗi da ta ji kunyarsa. Kwana biyu tana zuba wa ta tsakar gida tuwo tana satar kallonta, tana neman aibu ta rasa. Ta ɗaki kuwa sai ƙara dusashewa take yi, kamar tsohon zane a rana.

Ya'u ya hau babur ya ɗauko Malam Ja'afaru daga Dandamisa, dattijo mai ruƙiyya wanda ba ya gaggawa. Bayan la'asar ya zauna kusa da kan mai jinya ya fara karatu. Rana ta yi ja, gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsa ba. Can bakin Huseina ya buɗe, muryar tsoho ta fito.

"Ka daina ƙona ni. Ban saɓa alkawari ba."

"Wane alkawari?"

"Kakan Ya'u ya ɗaure ni a rijiyar nan, kan cewa ba zan taɓa komai na gidansa ba. Ban taɓa ba. Yarinyar nan ce na zauna bayanta na ga dabara. Na asali na bar shi, kwafi nake yi, in sauya abu guda. A ta tsakar gidan nan, suna kawai na sauya."

"To me ke cin Huseina?"

"Wannan ma a aikinta na gani. Abin da ba mai kiransa, sharewa ake yi."

Malam ya ce wa aljanin ya kwashe kayansa ya bar gidan, ko karatu ya ci gaba. Muryar ta yi dariya mai kaushi.

"Zan tafi, amma da sharaɗi. Uwar ta kira ɗaya da bakinta kafin a kira salla. Wadda ta kira ita za ta zauna. In ta yi shiru, tawa ta zauna. Na san ba ta kiran suna."

Duk aka juyo ana kallon Wasila. Ta ƙofa ta hango yarinyar tsaye riƙe da rariya, lafiyayya, tana mata murmushi. Shekara da shekaru take raya yadda Hassana za ta kasance in ta girma, ga ta nan.

"Inna, kada ki sake bari a kai ni," in ji yarinyar a hankali.

"Wasila, wannan ba 'yarki ba ce," Malam ya ce. "Taki tana hannun Ubangijinta."

Ta sani. Sanin bai rage mata komai ba. Ladan ya gyara murya a lasifikar masallaci. Wasila ta durƙusa, ta kama hannun da ya yi sanyi, harshenta ya yi nauyi kamar ba nata ba.

"Huseina," ta ce. Sannan ta ɗaga murya a gaban mijinta da baƙo. "Huseina! Tashi, uwarki ce ke kiranki!"

Wani abu ya faɗa rijiya, tsulum. Rariya ta faɗi a tsakar gida, gari ya watse.

Huseina ta yi atishawa ta buɗe ido. Ta dubi Malam, ta dubi babanta, sannan ta tsaya a kan uwarta.

"Inna, ke ce kika kira sunana? To kukan na mene ne?"

Wasila ta rungume ta, idonta na kan ƙofa. "Yau na binne 'yar'uwarki karo na biyu," ta ce.