Ragowar Shayin Mayen

“Malam, cire hular nan mu ga goshinka!”

Buta na hannuna lokacin da Koang ya faɗi haka.

Saurayina Mayen na zaune a bencina da kofinsa, ya ja hula har gira don ɓoye tsagar ƙabilarsu ta Dinka. Mu Nuwer ne, kuma rumfar shayina a ɓangarenmu take na filin sulhu.

Na ce masa kar ya zo. Wallahi na ce masa!

“In kwana ban ganki ba, farar karsanata?” Abin da ya ce ke nan.

To ga farar karsana, ga bindigogi.

Koang ya sha neman aurena ina ƙi. Ya leƙa Nairobi ya dawo da kwat da tabarau marar magani, wai shi masanin zaman lafiya. Ni a jikin kwalin ganyen shayi na koyi karatu, amma na san kwat a zafin garinmu Malakal ba ilimi ba ne, azaba ce.

“Koang, ka bar min baƙo ya sha shayinsa.”

“Baƙo ko ango?”

Ya fizge hular.



Sai ƙarar ɗana bindiga ta ko'ina.

Da muka rabu da Khartoum, muka samu ƙasarmu, mun yi rawa har ƙafa ta kumbura, daga nan muka juyo kan junanmu. Bara dangin Mayen suka kawo hari, suka kashe yayana Gatkuoth. Yau dattawa sun ɗaure farin bijimi tsakiyar fili don a wanke jinin, amma Baba ya ce ba da yawunsa ba.

Ga Baban nan tafe da mashinsa, samari na binsa.

“Ɗan gidan wa?”

“Gidan Ajak, Baba,” Mayen ya ce. “Ban je harin ba. Na rantse.”

“Amma jininsu ne a jikinka.”

“A bisa ƙa'idar sasanta rikici,” Koang ya gyara tabarau, “wannan ɗan leƙen asiri ne.”

“Ku kai shi bakin kogi,” Baba ya ce.

Kowa ya san wanda aka kai bakin kogi ba ya dawowa.

Mayen ya kalle ni.

“Nyabuay... rufe idonki, masoyiyata.”

Ban rufe ba. Kofinsa nake kallo, mai jan zare a hannu. Ni na ɗaura zaren, don gidajen da jini ke tsakaninsu ba sa haɗa kofi. Wanda ya sha ragowar ɗan ɗaya gidan, cikinsa zai kumbura ya mutu, sai fa in an yanka bijimi an wanke jinin.

Akwai saura rabi.

Na ɗauka.

“Nyabuay, a'a!” Mayen ya yi ihu.

Na shanye tas.

Mashin Baba ya faɗi ƙasa.

“'Yar nan... me kika yi?”

“Na sha, Baba.”

“Tofar! Sa yatsa ki amayar!”

“Ya riga ya wuce. In sun kai shi kogi, ba sulhu, ba bijimi. Sai ka haƙa min kusa da Yaya.”

Ji nake cikina ya fara tauri. Kar ki ɗauka jarumta ce, tsoro ne zalla.

“Haba Baba, camfi ne kawai,” Koang ya ce. “A kimiyyance...”

Na miƙa masa kofin.

“Akwai ɗigo a ƙasa. Bismillah, masani.”

Ya ja da baya har ya taka garwashina.

Ba wanda ya yi dariya. Bindigogi na nan a saitin ƙirjin Mayen. Baba ya daɗe yana kallona, hawaye na bin kumatunsa.

“Na binne ɗaya,” ya ce a hankali. “Ba zan binne biyu ba.”

Ya juya ga dattawa.

“Ku yanka.”

Da jinin bijimin ya taɓa ƙasa, Dinka suka tsallako, namu suka tsallaka. Aka yayyafa min ruwa. Sai a lokacin numfashina ya dawo.

Baba ya nuna Mayen da gindin mashi.

“Kai. Wannan bijimin na jinin ɗana ne. Shanun sadakin 'yata daban, kuma ban da ramammu.”

Mayen ya durƙusa yana kuka kamar ɗan maraƙi.

“Hasken idona, kin sha mutuwa saboda ni...”

Na share masa fuska da bakin zanina.

“Na sha dai. In mun yi aure za ka rage sukari a shayinka.”