Baburin Ruwan Bakin Kogi

A ƙauyen da ke kusa da Abu Na'ama, kowa na cewa Gado mai gadi ko lemun da ya faɗo a gonar wani ba ya ɗauka. Amma shi aka kulle ranar da baburin ban ruwa na gwamnati, injin da ke jawo ruwa daga kogi, ya ɓace.

Sufeto Izzuddeen ya iso da rana tsaka, a gajiye, ya sa aka kira Osman ɗan kwangilar gadi.

"Mutum nawa ka sa a nan?"

"Biyu, Janabu, ranka ya daɗe. Guda asibiti, guda bakin kogi."

Sufeto ya dubi kayan aikin mai gadi na biyu a kan benci, ko daga leda ba a fitar da su ba. Ya ɗauki ledar, ya ajiye a gaban Osman.

"To ya zan yi? Da, gwamnati ke yanka kuɗin kowane mai gadi. Bana suka ce mai araha shi ka samun kwangila. Mun kai ƙara, ba a ji mu ba. Gado ke zagaya wuri biyun."

A bakin kogi, Sufeto ya tsuguna inda aka cire baburin. An tara kusoshin cikin gwangwani, an zuba musu mai. An ɗaure bakin bututu da buhu don kada laka ta shiga.

"Wanga ɓarawo na son baburin ya dawo," in ji shi. "Wa ke gadi nan kafin Gado?"

Aka ce Hashim, wanda aka sallama da sabuwar kwangila ta zo.

Ya same shi a gonarsa, albasa duk ta yi yaushi don rashin ruwa.

"Rabona da bakin kogi tun da aka kore ni," in ji Hashim.

"Kowa ya zo mini da kukan albasarsa, ban da kai."

Sufeto ya zauna a kan kunya, ya cire hula, ya share zufa.

"Halas, shi ke nan. Gobe zan kai Gado kotu a Sinja. Da tsufansa, ban san ko zai fito ba."

Hashim ya daɗe yana murza ƙasa a hannu. Sannan ya tashi, ya yaye tarin karan dawa da ke gefen gona. Ga baburi a lulluɓe da tabarma.

"Da azahar na ɗauke shi a amalanken jaki, Gado yana can asibiti. So nike gwamnati ta ga abin da araha ta saya mata. Na ɗauka Osman za a kama."

"Shi yana da takardar kwangila," in ji Sufeto. "Tashi mu je."

A ƙofar caji ofis suka haɗu da Gado, Sufeto ya riga ya aika an sake shi, takalmansa a hannu. Mutane sun taru. Hashim ya tsaya, ya ɗaga murya.

"Baba Gado, ni na ɗauka. Na ji ana kiranka ɓarawo, na yi shiru. Ka yafe mini."