Motar Hamdiyya Ta Je Lambata Ba Ita

Hamdiyya na saukowa daga bas ɗin Abuja da yamma, ta tarar da Insfekta Nu'uman jingine da motarta. Kun san filin nan na Suleja, inda ma'aikata ke ajiye motocinsu da safe su hau bas mai tafiya kai tsaye.

"Hajiya, motar nan ta buge wani ɗan acaba a Lambata da rana, ta gudu. An ɗauki lambarta. Ƙafarsa ta karye."

"Lambata? Yallaɓai, ina ofis tun safe!"

"In ba a samu direban ba, ke za ki amsa a caji ofis."

 Baiwar Allah ta ƙura wa motar ido, ta ga da baya aka ajiye ta.

"Wa ya juya ta? Ni da gaba nake shiga. Wallahi ban iya ribas ba, ko mijina ya haƙura da koya min."

Insfekta mutum ne mai son bin diddigi. Ya leƙa ciki, ya ga an ja kujerar direba baya sosai, ita kuwa Hamdiyya 'yar guntuwa ce. Ya buɗe but, ga ƙasar doya.

"Makulli fa?"

"Ina bar wa Ghali mai wankin mota, in dawo in tarar da ita fes."

Aka kira Ɗantala mai gadi. "Ranka ya daɗe, ko motsi ba ta yi ba," in ji shi, yana tura wani buhun doya ƙarƙashin benci da ƙafa.

Aka kira Ghali, dogo kamar falwaya. "Oga, ni soso da bokiti na sani. Ban taɓa tuƙa ko keke ba."

Insfekta ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Da ma ya bar tasa motar a bakin ƙofa, ta tare hanya. Sai ga wata bas ta iso tana ta hon, fasinjoji na ihu ta taga.

"Kai, wani ya matsar min da ita!" Insfekta ya cilla makullin motarsa sama.

Hannu ya riga tunani. Ghali ya cafe, ya faɗa ciki, ya yi ribas da hannu ɗaya, ya saka ta tsakanin motoci biyu tsaf. Yana fitowa ya ga kowa na kallonsa.

"Sannu, direba," in ji Insfekta.

Ghali ya durƙusa. "Dakon doya nake yi da ita ranar kasuwa, Ɗantala na buɗe min ƙofa. Tsoro ne ya sa na gudu, oga."

Aka sa musu ankwa su biyu. Hamdiyya ta ja kujerarta gaba, ta tayar da mota.

"Yallaɓai, wane asibiti aka kai ɗan acaban?"