Sharhin da Nuha Ta Goge

Ranar da Muzammil ya fara ganin Nuha, da niyyar faɗa ya nufe ta.

Shekara biyu ke nan kafin yaƙi ya tarwatsa Khartoum. Yana aiki a wani ƙaramin ofis, su shida, suna gina kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun masu shirya manhaja zuwa yaren da na'ura ke ganewa. A cikin wannan rubutu akan bar sharhi, 'yan layukan bayani da na'ura ba ta karantawa, don mutane kaɗai ake yin su. Da safen nan ya kunna kwamfutarsa ya tarar an gyara masa sharhi ɗari uku da sha ɗaya.

Aka nuna masa sabuwar ma'aikaciya a gefen taga, 'yar unguwar Umbadda, da aka ɗauka don ta tsabtace bayanan kafin a saki aikin ga duniya. Ya isa yana huci. Ta ɗago ido, sai ya manta farkon maganarsa.

Ita ba ta manta tata ba. Ta juyo masa da allon, ta karanta masa sharhinsa ɗaya bayan ɗaya. Wani sharhin ya ce, "Kada ka taɓa nan, ni ma ban san dalilin da ya sa yake aiki ba." Wani ya ce, "Zan gyara bayan azumi," azumi uku kuwa sun wuce. Akwai wanda ya fara da Turanci, ya ratsa Larabci, ya ƙare da zagin direban motar unguwarsu Kalakla da Hausa.

"Ustaz Muzammil," in ji ta, "wanda zai gaje ka bai yi maka laifin komai ba."

Da Hausa ta faɗa. A nan ya gane jikar Hausawa mahajjatan da suka zauna a Sudan ce kamarsa.

Daga ranar ya shiga rubuta sharhi marar kyau da gangan, don ta kira shi. Ta gane, amma ba ta daina kiran ba. Sukan ƙarasa gardamar aya da waƙafi a wurin wata mata mai shayi a gindin bishiya, har matar ta san yawan sukarin kowannensu.

Bayan wata huɗu ya kasa daurewa. Baki ya gagara, sai ya cusa maganar cikin sharhi a tsakiyar aiki: "Nuha, ina son ki. Ki ba ni izinin zuwa gidanku."

Washegari layin babu shi. Ta bar dalili kamar yadda ta saba: "An cire. Ba ya bayanin layin da ke ƙasansa."

Kwana tara bai je shayi ba. Ya rame, ya rubuta sharhi masu tsafta irin na mai makoki. Ya kuma ji cewa wani Munir, mai shagon waya a Kasuwar Libiya, ɗan aminin mahaifinta, yana zarya gidansu. A rana ta goma saƙonta ya shigo:

"Ya zol, bawan Allah, aikin nan mutanen Japan ma za su karanta shi. So kake su riga mahaifina ji? Maganar ba ta da kuskure, wurinta ne ba nan ba. Ranar Juma'a bayan la'asar."

Ya amsa: "Nuhata, ashe ba ƙi ba ne?"

"Ka sa waƙafi daidai yau. Ka zo."

Mahaifinta, Malam Zainul'abidin, yana karantar da fiƙihu a zaurensa. Ya tambayi saurayin sana'arsa. Muzammil ya gyara zama, ya ɗauko zance tun daga yadda aka ƙera kwamfuta. Rabin awa yana bayani, da ya ɗaga kai sai ya ga Malam na gyangyaɗi. Da Malam ya farka ya ce Munir dai ana ganin hajarsa a shago, shi kuma ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai iya faɗin abin da yake ci da shi ba.

Muzammil ya koma Kalakla jiki a sanyaye. Kafin motar ta haye gada saƙo ya iso:

"Habibi, ina bayan labule, ni ma na kusa barci. Bayaninka irin sharhinka ne. Ka mayar da shi layi biyu. Abin da mai sauraro ke buƙata kawai."

Mako guda suna yanka. Duk abin da ya kawo sai ta soke rabi. Har kan mahaifiyarsa Hajja Kulu ya gwada, ta ce ta gane, amma ya rabu da ita ta toya kisra, gurasar Sudan.

Munir kuwa da kansa ya janye. Ya je wa Malam da waya a hannu, ya nuna masa yadda duk saƙon soyayyar da ya tura, Nuha ke dawo masa da shi a gyare, wani har da maki. Ya ce shi ya bar makaranta tun tuni, ba zai koma ta hanyar aure ba.

Juma'a ta zagayo, Muzammil ya durƙusa a zaure.

"Allah gafarta Malam, tafinta muke ginawa tsakanin mutum da na'ura. Nuha kuma hashiya take rubutawa a gefe, don na baya su gane."

Malam ya miƙa hannu ya jawo wani tsohon littafi, ya shafa ƙananan rubutun da ke gefen shafinsa. Ya ce kakansa tafinta ne na mahajjata a tashar jirgin ruwa ta Sawakin, kuma wannan hashiyar hannunsa ce.

"To me ya hana ka faɗi haka tun farko, ɗana? Ka turo manyanka."

Aka sa rana bayan Babbar Salla. Ran ɗaurin aure motar ango ta maƙale a cunkoson gada, da shi da abokansa da kwalin dabino. Ya sauka da jallabiyarsa fara sol, ya tsallaka da ƙafa, ya tari raksha, keke mai ƙafa uku. Yana cikinta saƙo ya shigo:

"An ɗaura, kawunka ya karɓa maka. Ka taho a hankali, mijina."

Ya karanta sau uku, har mai raksha ya tambaye shi ko lafiya, ganin yana share ido.

Ya isa Umbadda ana guɗa. Malam ya kama hannunsa a gaban jama'a ya ce ya makara ga komai, amma ban da albarka. Sannan ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa su fahimci juna ko da ba su yi magana ba. Zaure ya amsa da amin, ta Hajja Kulu daga cikin gida ta fi ta kowa ƙarfi.