Fuskar da ke Ƙarƙashin Fenti

A gidan su Hiske, can bakin ƙoramar da ta raba ƙauyen biyu, duk yaron da ya cika shekara bakwai sai an zana shi an rataye a bangon matakala. Tun kakanni haka ake yi. Hiske kuwa sana'arta ke nan, 'ya'yan mutane take zanawa iyayensu su kai falo. To, da ɗiyarta Nynke ta cika bakwai a farkon hunturu, ai ba ta nemi kowa ba.

Ƙyallen zane ne ya ƙare mata. Ta hau ɗakin tarkace na sama, ta tarar da wani tsohon zane an kifa shi jikin bango: yarinya mai kitso biyu, sanye da jar safar hannu. Ta sauko da shi wurin mahaifiyarta, tsohuwa Sjoukje, wadda ke zaune tare da su.

"Mama, wace ce wannan?"

Tsohuwar ko ɗagowa daga saƙarta ba ta yi ba. "Ba kowa ba ce. Shafe ta, ƙyallen na da kyau."

Masu zane sun saba yin haka. Hiske ta bi fuskar da farin fenti, ta zana Nynke a kai, kuma tunda take ba ta taɓa yin aiki mai kyansa ba.

Ranar da aka rataye shi, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya sauko, kamar yadda yake yi a can da hunturu. Suna zaune suna shan miyar wake da baƙin burodi, gidan tsit, sai ƙarar cokula. Tas! Wani abu ya daki taga. Hiske ta duƙa ta ɗauka, dunƙulen ƙanƙara ne, kuma daga cikin gida aka jefo shi. Na biyu ya fasa kofin tsohuwa a hannunta. Sannan Nynke ta ajiye cokali a hankali, ta yi magana da wata murya mai sanyi wadda ba tata ba.

"Wa ya rufe mata ido?"

Daga ranar gidan bai sake ganin yamma mai daɗi ba. Da rana ta yi ƙasa sai jifa, sai ruwa ya dinga gangarowa daga matakala. Zane-zanen dangi duk su wayi gari a kife, ban da sabon. Nynke ta daina amsa sunanta. Sau uku Hiske tana kamo ta a bakin ƙoramar da ta fara daskarewa, ƙafa ba takalmi, tana taka sabuwar ƙanƙara tana gwada ƙarfinta. Likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Lafiya ƙalau, ka ji fa! Hiske ta san ranar da ta makara da minti ɗaya ta rasa ɗiyarta.

Sai ta je ta ɗauko Fasto Wiersma, wanda ya yi ritaya tun tuni, mutumin da ya binne rabin ƙauyen kuma ya karanta littattafan da sauran fastoci ba sa son buɗewa. Ya zo da almuru yana dogara sanda. Ya zaunar da yarinyar a gindin matakala, ya daɗe yana karatu ƙasa-ƙasa, har jifan ya tsaya.

"Wace ce ke?"

Nynke ta yi dariya, idanunta a kafe. "Tsoho, kai ma ka manta? Kana cikin yaran da suka riƙe furanni ranar da aka binne Aaltje."

Fasto ya girgiza kai. "Matattu ba sa dawowa."

"Aaltje ta tafi. Ni aljanar ƙarƙashin gada ce, ni na ga komai. Na ji tausayinta, na shiga zanenta na zauna. Shekara sittin ina riƙe mata fuska a cikin ƙura, ban taɓa kowa ba. Yanzu ita ma an shafe. To, sun cinye mini yarinya ɗaya, zan ɗauki ɗaya."

Hiske ta juya. "Mama, wace ce Aaltje?"

Tsohuwa ta ci gaba da saƙarta.

"Faɗa mata, Sjoukje," in ji muryar. "Ko ni in faɗa?"

"Ƙanwata ce," in ji tsohuwa. "Nata zanen ya fi nawa kyau, Baba ya rataye shi sama da nawa. Na jefa safar hannunta kan ƙanƙarar ƙarƙashin gada, inda kowa ya san ba ta ƙwari. Na ce in ta isa ta ɗauko, ta taka, ƙanƙarar ta fashe da ita. Shekarata tara."

"Shekararki nawa ranar da kika ce in shafe ta?" in ji Hiske.



"A ba ni tsohuwar," in ji aljanar. "Ta taka inda Aaltje ta taka, in saki jikarta."

"Rai ba naki ba ne, ba kuma nawa ba," in ji Fasto, ya buga sanda a ƙasa. "Fuska aka ƙwace miki, fuska za a mayar miki. Ki karɓa, ko in sa a ƙone ƙyallen ki rasa mazauni."

Ruwa na ɗiga daga matakala.

"Na karɓa. Amma ba a matakala ba. A ƙafar gadon tsohuwar, inda za ta buɗe ido ta gan ta, ta rufe ido ta gan ta. Ranar da aka rufe zanen da ko da mayafi ne, ranar zan dawo."

Nan take Hiske ta ɗauko wuƙar fenti da man wanke burushi. Ta kankare fuskar ɗiyarta daga zanen da hannunta, tana kuka, kumatu da murmushi suna zuba ƙasa, har jar safar nan ta bayyana, sannan idanun. Nynke ta yi atishawa, ta sulale jikin Fasto, ta ce, "Mama, ƙafata sanyi."

Hiske da kanta ta buga ƙusar a ɗakin tsohuwa. Ta auna, ta sake aunawa, don idanun su faɗa daidai kan matashin kai.

Bayan mako guda ta kai mata shayi da yamma, ta tarar da ita ta rame, ta juya wa bango fuska.

"Hiske, 'yata, ki rufe ta. Yau kaɗai. Ba na iya barci."

Hiske ta ajiye kofin. Daga ƙasa tana jin Nynke na waƙa tana wasa. Ta je ta gyara zanen da ya ɗan karkace, ta goge ƙurar idanun da gefen rigarta.

"Ba kowa ba ce, Mama," in ji ta, ta kunna fitilar da ke saman zanen, ta ja ƙofa.