Hannun da Ya Watsa Ruwan Zafi

Sunana Safara'u. Nas ce ni, cikin waɗanda asibitin unguwa ke turawa gida-gida duba tsofaffin da ƙafa ta daina kai su ko'ina. A Sabo aka haife ni, nan Ibadan, babu lungun da ban san warinsa ba. Lokacin da abin nan ya faru, shekarata goma sha tara ina wannan aiki: in auna jini, in auna suga, in wanke gyambo, in yi faɗa da 'ya'yan da suka jefa uwarsu ɗakin baya kamar tsohuwar tabarma. An ce ina da baki. Ina da shi, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kai ba.

Wata Laraba cikin damina, gidan Baba Gwadabe ne na ƙarshe a zagayena. Tsohon ɗan kasuwar goro ne, ciwon suga ya cinye masa dunduniyar hagu. Wata biyu ina fama da gyambon, har ya fara ja da baya. Ranar ina shiga ɗakin, wari ya tare ni tun daga ƙofa. Ya kwance bandejina ya yar, ya cusa wa ciwon wani baƙin gari da aka kwaɓa da manja, wai wani amininsa ne ya kawo masa daga kasuwar Shasha.

Na ce, "Baba, wa ya ce ka kwance?"

"Ƙafarki ce?"

"Ba tawa ba ce, amma ni nake wanke ta."

"To wa ya aika a kira ki? Kullum ki zo ki ƙwaƙule ni, ki hana ni tuwo, ki hana ni shayi. Na girmi ubanki, ke 'yar nan."

Matar ɗansa, Mardiya, tana jingine da ƙofa da ludayi a hannu. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce, "Abeg, Sista, yi abin da ya kawo ki ki wuce. Magariba ta kusa, ina da girki."

Kayan aikin da aka tafasa mana a asibiti sun ƙare tun gida na biyar. Na ari rishon Mardiya, tana ƙunƙuni, na ɗora ƙaramar tukunyata na tafasa almakashi da hantsaki. Na durƙusa ina cire garin nan ɗai-ɗai daga cikin nama. Tsohon ya zage ni, ya zagi uwata da ke kabari. Da na kai inda mugunya ta taru, sai ya ɗaga lafiyayyar ƙafar ya shure ni a ƙirji, kayan suka watse a ƙasa. Na tsince su, na sake tafasawa, na gama aikina, na ɗaure ƙafar. Amma zuciyata tafasa take fiye da tukunyar.

Ladan ya fara kiran magariba lokacin da na ɗauki tukunyar na fita ta ƙofar baya, inda kwata ta ratsa bayan gidan.

Duk ɗan Sabo ya san ba a watsa ruwan zafi a kwata da magariba. In ya zama dole, a surka shi, a yi bismillah da ƙarfi, don waɗanda ba ma gani su ji su janye. Kakata ta sha murɗe min kunne a kan wannan. Na sani sarai. Amma bakina cike yake da zagin da ban mayar wa tsohon ba, babu wurin bismillah a ciki. Na watsa.

Ruwan zafi in ya sauka a kwata, cuu yake yi ya wuce. Wannan bai yi ba. Wani abu ne ya ja numfashi, dogo, ta tsakanin haƙora.

Kwaɗin da ke ta kuka suka yi tsit. Sai ƙauri, irin na babbakar kan rago.

Mardiya na tsaye bayana. Fuskarta ta canza. Cikin raɗa ta ce, "Kin yi bismillah?"

Na girgiza kai. Ta ruga ciki, ta jefo min jakata waje, ta danna sakata.

Na saɓa jaka na kama lungu, zan fita titin Mokola in hau okada. An ɗauke wuta. A irin wannan lokaci lungunan Sabo cike suke: masu alwala a bakin ƙofofi, hayaƙin tsire, ƙarar janareta, mata na kiran yara da Hausa da Yarbanci. Na sha kwana ta farko, duk suna nan. Na sha ta biyu, ƙarar ta koma nesa. Na sha ta uku, sai na ga bango biyu masu gansakuka da ban taɓa gani ba, ruwa na bin tsakaninsu.

Wata mace na tsaye a tsakiyar hanya. Doguwa, da baƙin mayafi. Ƙafafunta na cikin ruwan, amma bakin zanenta a bushe yake.

"Ke mai farin kaya."

Na ce, "Baiwar Allah, na tashi daga aiki. In mara lafiya ne, ku kawo shi asibiti gobe."

"Ba za ki tashi ba. Biyo ni."

Na juya in koma. Bango ne a bayana.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Ta tsaya tana saurare, har na kai tsakiya na sarƙe. Sai ta ƙarasa min ita, tiryan-tiryan, ta fi ni iya karatu.

"Mu ma sallah muke yi," in ji ta. "Kalma ɗaya aka ce ki faɗa ɗazu, kika ƙi. Wuce."

Ɗakin da ta kai ni sai da na sunkuya na shiga. Babu fitila, amma ana gani. Warin danshi, warin kwata, da ƙaurin nan. A gefen bango akwai mutane tsaye, da yawa, ban ga fuskar ko ɗaya ba. Numfashinsu kawai nake ji, duk a tare.

A ƙasa wata tsohuwa ce kwance a kan tsumma. Ban taɓa ganin tsufa irin wannan ba. Daga kafaɗarta ta dama har kwiɓi fata ta saluɓe, ta yi bororo, ruwa na tsatsafowa.

"Uwata ce," in ji matar. "Mu da muke da ƙafa mun kauce da muka ji tafiyarki. Ita ba ta iya motsi. Da kin yi bismillah, da mun ja ta."

Ta kama hannuna na dama. Yatsunta sanyi kamar ruwan randa. Ta juya shi, ta duba, yadda mahauci ke duba nama.

"Wannan ne ya watsa. Shi za mu karɓa."

Waɗanda ke jikin bango suka matso taku ɗaya.

Hannun ya fara mutuwa. Daga farce ya faro, ya hau yatsu, ya kai wuyan hannu. Ina kallon sa, ba na jin sa. Da hannun nan nake ci, da shi nake allura, da shi nake ciyar da 'ya'yana uku. Tsoro ya kama ni har fitsari ya kusa zubo min.

Sai tsohuwar ta yi nishi.

Shekara goma sha tara ba wasa ba ce. Na san nishin ƙuna, na san wanda ba nata ba. Wannan nishin daga wani ciwo a bayanta ya fito.

Na ce, "Sakar min hannu in juya ta."

Ban san daga ina muryar ta zo ba. Matar ta sake ni don mamaki. Na durƙusa, na sa kafaɗa da hannun hagu na mirgina tsohuwar. Ba ta kai nauyin kwando ba.

Bayanta duk gyambon kwanciya ne. A ƙugu, a kafaɗa, a diddige. Wani ya kai ƙashi. Tsutsa na motsi a ciki.

Tsoron ya sauka, haushi ya hau. Halina ne, ko a gaban wa.

"Wannan ma ni na watsa?" na ce. "Wa ke juya ta? Yaushe rabon da a wanke ta? Ku nawa ne a ɗakin nan? Kun jefar da ita bakin kwata tana ruɓewa, yau don baƙuwa ta ƙona ta kun tuna uwarku ce!"

Numfashin da ke jikin bango ya tsaya cak.

Matar ta sunkuyo. Mayafin ya zame. Idanunta a tsage suke daga sama zuwa ƙasa.

"Kina zagin mu a gidanmu?"

"Ina tambaya ne. Ku cire hannun. Gobe wa zai wanke mata ƙunar? Ke?"



Tsohuwar ta buɗe baki. Muryar kamar ana jan busasshiyar kaba a ƙasa.

"A bar ta ta yi."

Matar ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Za ki zo duk Laraba da magariba. Hannun aro ne muka ba ki. Ranar da ƙunar ta warke, namu ne."

Jini ya dawo yatsuna da zafi kamar an soka allurai. Na sa safar hannu. Na wanke ƙunar da ruwan gishiri, na yanke matacciyar fata, na shafa man ƙuna, na tsince tsutsa. Bandeji shida ne a jakata, duk suka ƙare. Ba wanda ya miƙo min ko auduga.

Ina ɗaure na ƙarshe, na ɗago kai, sai na gan ni durƙushe a bakin kwata bayan gidan Baba Gwadabe, gwiwoyina cikin laka. A masallaci liman bai ma sallame magariba ba. Na tashi da gudu, takalmi ɗaya, ban tsaya ba sai Mokola. Mai okadan da ya ɗauke ni sai toshe hanci yake yana cewa, "Madam, na wetin burn?"

Laraba ta zagayo, na ce ba inda za ni. Na kulle kaina a ɗaki. Ana kiran sallah hannun ya mutu har gwiwar hannu, cokali ya faɗi daga yatsuna. Na ɗauki jaka da hagu na fita. Kwana ta uku tana nan tana jira na.

Haka na riƙa zuwa. Matar ta buɗe min, ta tsaya a kaina, ba gaisuwa ba sannu. Ni kuma in wanke, in juya tsohuwar, in goge mata jiki, in tsefe ɗan gashin da ya rage. Gyambon bayan ya fara cikowa. Ƙunar ma haka, kuma nan ne tashin hankalin. Kowane mako ina auna ta da ido: ta koma kamar tafin hannu, ta koma kamar murfin kwalba. Na yi tunanin in rage magani, in bar datti a ciki. Wallahi na yi tunanin. Hannun ya ƙi, bai iya mugun aiki ba.

Laraba ta goma sha ɗaya na kwance bandeji, na tarar da sabuwar fata, sumul, babu ko ɗigon ruwa.

Matar tana bakin ƙofa, ta ba mu baya. Ta ce, "Yaya?"

Na dubi yatsuna biyar ina ƙirga su.

Tsohuwar ta ɗago hannunta a hankali. Farcenta dogo ne, baƙi. Ta ɗora shi a kan sabuwar fatar, tana kallon cikin idona, ta ja tun daga kafaɗa har kwiɓi. Fatar ta dare. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Bai warke ba," ta ce da ƙarfi.

Matar ta juyo ta ga jini, ta yi tsaki, ta fita.

Hawaye suka zubo min. Na ce, "Iya, na gode. Allah ya saka..."

Ta damƙe wuyan rigata ta jawo ni har ina jin warin bakinta.

"Rufe min baki. Kin ɗauka son ki nake? Ban yafe miki ba, ba kuma zan yafe ba. Amma kafin ki ƙona ni, shekara arba'in ba wanda ya juya ni. Oya, wanke."

Na wanke.

Shekara shida ke nan. Baba Gwadabe ya rasu da ƙafafunsa biyu. An ba ni canjin wurin aiki sau biyu, na ƙi. 'Yata ta haihu a Kano, kwana biyar na yi na dawo, har yau tana fushi da ni. An ba ni kujerar Makka, na ce a ba wani. Mutane na cewa Sista Safara'u ta cika son aiki. Duk bayan mako goma ko sha ɗaya ƙunar takan rufe, tsohuwar ta sa farce ta buɗe, ni in wanke.

Bara na yi ƙarfin hali na tambaye ta, irin su shekara nawa suke yi a duniya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ita ko rabi ba ta yi ba.

Ni shekarata hamsin da biyu, kuma hannun ya fara rawa.